Rasuwar Malam Hashim Ba'ana, da Sunan da Ya Nemi a Cire

Cikin alhini mai nauyi da miƙa wuya ga hukuncin Ubangiji, Ƙungiyar Iyaye Mata ta Ajin Hantsi da ke Gomari, Maiduguri, ta karɓi labarin rasuwar malaminta kuma majinginarta, Malam Hashim Ba'ana Ajilari, malamin lissafi kuma jagoran masu kula da manhajar Tsakuwa, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Talatar da ta gabata, sa'ad da 'yan bindiga suka buɗe wa ayarin motocinsu wuta a hanyar dawowa gari daga wani sansanin 'yan gudun hijira, inda ya kwana huɗu yana saka wa malaman makarantar sansanin sabon zubin manhajar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura washegari. Ya rasu yana da shekara arba'in da shida, ya bar mahaifiyarsa, da matarsa, da 'ya'ya biyar.

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mini rubuta wannan saƙo, sun kuma yarje mini in haɗa da wani roƙo game da aiki guda da marigayi ya bari bai ƙarasa ba, wanda ya shafi sunan ɗana Tahir, da aka ɗauke shekara biyar ke nan ba mu ji duriyarsa ba. Muna roƙon duk wanda ya zauna da Malam a sansanin nan ya daure ya karanta har ƙarshe.

A shekarun da aka rufe makarantun garin nan, azuzuwa suka koma makwancin waɗanda suka gudo daga ƙauyuka, Malam Hashim bai naɗe hannu ba. Ya zauna da tsohuwar kwamfutarsa ya soma rubuta Tsakuwa, manhajar da ke ba yaro tambayoyin lissafi da Hausa da Kanuri a ƙaramar waya, ko da babu sabis, ta duba amsarsa, ta nuna masa inda ya kauce. Ba a sayar da ita. Rubutun cikinta ma a buɗe ya bar shi, kowa na iya gani, kowa na iya kawo gyara, har aka wayi gari mutane fiye da ashirin suna aiki a kanta daga garuruwa daban-daban, yawancinsu ba su taɓa haɗa ido ba. Manya a cikinsu su ne Malama Rhoda, 'yar kudancin Borno da rikici ya kora Jos, da Malam Garzali, ɗalibin injiniya a Zariya. Doka ɗaya Malam ya kafa musu bai taɓa sassautawa ba, ko ga kansa: gyara ba ya shiga sai mai shi ya rubuta dalili, sannan mutum na biyu ya duba ya sa hannu. Yakan ce lissafin da ido ɗaya ya gani bai nuna ba tukuna.

Mu iyaye mata da girmanmu muka zo hannunsa. Abin da ya kai mu aji ba sha'awa ba ce. A lokacin ana liƙa takardun sunayen waɗanda aka ceto a jikin bango, mu kuwa mun gaji da roƙon masu wucewa su karanta mana, wani ya karanta rabi ya ce yana sauri. Malam ya ba mu hantsi uku a mako, ya koya mana baƙi da wasali, ya ce tunda mun zo sai mun tafi da lissafi, ko muna so ko ba ma so. Idan ɗayarmu ta ɓata amsa sai ya tambaye ta ko haka take auna gero a gida, ya ce in haka ne shi ba zai ci tuwonta ba.

A nan ne abin ya same mu. Tun farko Malam ya zuba sunayen ɗalibansa na gaske a cikin manhajar, yadda suke a rajistar ajinsa, ita kuma takan ɗauki suna ta ƙulla sabuwar tambaya da shi. Da yawa daga cikin yaran nan daga baya aka ɗauke su, ko suka ɓace a gudu. Wata rana Ya Saude, wadda ba ta fi wata biyu da iya haɗa kalma ba, ta karanta a wayarta cewa Ammatullahi ta shuka albasa layi shida. Ammatullahi 'yarta ce, shekara biyu ba labari. Ba ta tsaya neman takalmi ba, ta taka daga Gomari har Ajilari ta tsaya a ƙofar Malam tana tambayarsa a wane gari gonar take. Babu wadda ta yi mata dariya, domin kowaccenmu ta taɓa ganin sunan nata ɗan ta ɓoye wayar a ƙirji.

Da maganar ta kai ga masu kula da manhajar, Malam Garzali ya kawo gyara cewa a share sunayen gaba ɗaya, don a daina tayar wa iyaye da miki. Malama Rhoda, wadda ƙanwarta Susanna ke cikin waɗanda suka ɓace, ta ƙi sa hannu. Mako uku suna muhawara a rubuce, kowa na gani. Malam bai yanke ba sai da ya zo ya karanta mana hujjar kowannensu, ya tambaye mu. Muka ce a bar mana su, domin nan ne kaɗai wurin da ya rage ana ambaton 'ya'yanmu suna wani aiki na masu rai. Sai ya rubuta ƙa'ida ta musamman: sunayen nan talatin da bakwai ba za su ƙara fitowa a tambayar ragewa ko rabawa ba, sai a tarawa da ninkawa. Kuma ba a cire suna sai da ɗayan dalili biyu, ko yaro ya dawo gida, ko an tabbatar ya rasu. A kowanne kuwa, Malam da kansa yake fara zuwa wurin uwar kafin a taɓa komai. Cikin shekara huɗu ya cire sha ɗaya. Huɗu sun dawo, bakwai an yi musu salla babu gawa. A kan kekensa yake zuwa, har ya zama idan muka ji ƙarar sarƙar keke a lungu sai hira ta yanke, kowace uwa tana jiran ta ga ƙofar da zai jingina shi.

Da safiyar Talatar da ya rasu, kafin ayarin ya tashi, Malam ya turo gyara daga sansanin. Layi ɗaya ne: a cire sunan Tahir. A gurbin dalili, abin da ya rubuta shi ne, “Sai na ga mahaifiyarsa.” Malama Rhoda ta gani da hantsi, ta kira shi wayar ba ta shiga ba. Kafin la'asar labari ya iso gari. Jakarsa da littafinsa da wayarsa sun ƙone tare da motar. Mun san an kawo sababbin mutane sansanin daga daji a makon nan. Ba mu san wa ya gani ba, ba mu san me aka faɗa masa ba, kuma kalmomin nan huɗu iri ɗaya yake rubutawa ko labarin na farin ciki ne ko na kuka.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mahaifiyar marigayi, Hajiya Ya Jannat. Da mai ɗakinsa, Malama Rumaisa'u, wadda muke neman gafararta da muka cusa damuwarmu a cikin tata. Da babban wansa, Alhaji Abdulsalami Ba'ana. Da 'ya'yansa da ɗalibansa. Da Mai Girma Bulaman unguwarsu da Liman da sauran dattawa. Da abokan aikinsa na kusa da na nesa, Musulmi da Kirista. Da iyalan sauran bayin Allah da suka rasu a ayarin. Allah Ya jiƙansa, Ya karɓi shahadarsa, Ya sa kowace tambaya da yaro ya amsa a manhajar nan ta zame masa sadaka mai gudana. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, Ya raya abin da ya bari, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Muna kuma sanar da jama'a cewa Malama Rhoda da Malam Garzali sun karɓi riƙon manhajar, suna neman ƙarin hannu daga duk mai sanin lissafi da kwamfuta. Roƙonmu ga wanda zai shigo shi ne, idan ya tarar da ƙa'idar sunayen nan ta yi masa kama da kuskure, kada ya gyara ta kafin ya tambaya.

Game da gyaran ƙarshe kuwa, Malam Garzali ya aiko mini cikin ladabi cewa tunda ni ce uwar, idan na amince za su sa hannu, don a cika wa Malam aikinsa. Na yi kwana uku ina juya maganar. Amsar da na ba su, wadda ƙungiya ta goyi baya, ita ce kada a sa hannu. Malam bai gan ni ba, dalili bai zo ba, dokarsa kuwa ba ta mutu tare da shi ba. Sunan Tahir zai ci gaba da fitowa.

Saboda haka muna roƙon duk malami, ko direba, ko ma'aikacin agaji, ko wanda aka ceto, da ya yi magana da marigayi a kwanakin nan huɗu, ya dubi girman Allah ya neme ni a ajinmu na Gomari, Litinin ko Laraba ko Asabar. Ko wane iri ne labarin, ina so. Sai dai a zo a faɗa mini da baki, a gaban 'yan'uwana mata. Kada a rubuto. Yanzu ina iya karatu, kuma ba na so in karanta shi ni kaɗai.

Sa hannu:
Ya Kaltum Inuwa
Kakakin Ƙungiyar Iyaye Mata ta Ajin Hantsi, Gomari, Maiduguri