Babi na Huɗu Yana Nan, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina rubuto miki ne shekara shida da rasuwarki. Na san ko kina raye sai dai a karanta miki. To, masu karantawa su buɗe kunne, don har da su nake.

Kin tafi kin bar ni ina digirin farko. Yanzu ina na biyu a kimiyyar siyasa, ina binciken yadda masana tun na zamanin da suka ɗauki aiki: me ake kira aiki, kuma aikin wa ke ba shi bakin magana a sha'anin gari. Da kin ji, da kin yi dariyar nan taki, kin ce wato sai na je birni za a gaya mini mene ne aiki.

Shekara biyu ina cikin littattafansu. Wasu na can baya sun ce mai aikin hannu bai cancanci zama inda ake shawarar gari ba, wai wahala ba ta barin mutum ya yi tunani. Wasu suka ce a'a, ƙarfin da mutum ya zuba a ƙasa shi ke sa ta zama tasa. Wasu kuma idonsu na kan mai zuwa masana'anta a biya shi lada. Na bi su shafi-shafi ina nemanki. Macen da ke turara shinkafa a cikin gida a Burumburum, buhu biyu kafin azahar, ban gan ta ba sai can-can a gefe.

Sai na rubuta ki da kaina, a babi na huɗu.

Kin tuna faƙon nan na bayan gidajenmu, inda matan unguwa ke shanya shinkafar da suka turara. Shekarata goma lokacin da maza suka zauna suka yanke cewa a nan za a gina ɗakin ajiyar taki. Kika aika Baba ya tambaya ina za ku riƙa shanya. Ya dawo da amsa cewa wannan magana ce ta masu aiki.

Aka kira gayyar yin tubali ranar Asabar. Gayya kuwa ba a biyan kowa, abinci ne ke riƙe ta: kunu da hantsi, tuwo da azahar, duk daga hannun mata. Ranar Juma'a da yamma kika ja mayafi kika bi gida-gida kamar mai zuwa gaisuwa. Ni na riƙe miki takalmi a ƙofar kowane ɗaki, ban san me ake ƙullawa ba.

Asabar maza suka fito da sassafe suna kwaɓa ƙasa. Hantsi ya yi, babu kunu. Azahar ta yi, ko gida ɗaya hayaƙi bai tashi ba. Baba ya shigo da laka har gwiwa, ya dubi murhu a sanyaye, ya dube ki kina zaune a tabarma kina yi mini kitso. Ba ki ko ɗaga murya ba, kika ce, "Malam, ai mu ba ma aiki, shi ya sa muke zaune."

Kafin la'asar gayya ta watse. Ɗakin taki a bakin kasuwa aka gina shi. Baba ya yi mako guda bai yi miki magana ba, kuma na ga kina share hawaye a madafi kina cewa hayaƙi ne. Wannan ma na rubuta, don kada a ɗauka a banza kika samu.

Malamin da ke duba bincikena mutum ne mai ilimi, ba na raina shi. Amma ya ce babin nan labarin ƙauye ne, babu littafin da ya tabbatar da shi, ba shi da gurbi a cikin tarihin tunanin siyasa. Na kai masa muryar Goggo Ladi, maƙwabciyarmu, da ta sauran matan da suka rage, duk na ɗauka a waya. Ya ce idan na cire babin zan kare bincikena wannan watan tare da 'yan ajinmu. Idan na ƙi, sai na sake gina hujjata daga tushe, na jira zama na gaba.

Ba zan ɓoye miki ba, Inna, na cire. Kwana biyu binciken ya zauna tsaf, babu ke a ciki. Da na sake karantawa kunya ta kama ni, daga baya haushi. Shafi ɗari da wani abu, da hannuna, ina maimaita amsar da aka aiko Baba da ita. Masanan nan suna tambaya ne wa aiki ke ba baki a gari. Ke kin amsa musu da murhu a sanyaye, garin kuma ya ji. Idan wannan ba tunanin siyasa ba ne, to ban san abin da nake karantawa ba.

Na mayar da babin. Jiya na kai wa malamin binciken ofis na ajiye a gabansa. Ya buɗe, ya gani, ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Ya tuna mini cewa 'yan ajinmu za su sa rigar kammalawa ban da ni. Ban miƙa hannu na ɗauke ba. Ya ce to, sai baɗi. Na ce Allah ya kai mu.

Allah ya jiƙanki, Inna. Ya yalwata kabarinki, ya haskaka shi, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ni kuma ya ba ni rabin taurin kanki, ya ishe ni shekarar nan.

Autarki,
Hadiza