Na'urarku Ta Kashe Abin Jina

Zuwa ga Mudir, shugaban kamfanin da ke gwajin na'urar kakkaɓo jirage marasa matuƙa a bayan unguwar Ka'akiyya, Makka.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Rumaisa'u, 'yar mai gadinku, wadda kake cewa 'yarka tun ina ƙarama. Ban iya magana gaban manya ba, shi ya sa na rubuta.

Na ɗaya. Kafin gwajin ka zo ɗakinmu da ke jikin katangar filinku, ka sha shayin Umma. Ka ce zafi na'urar take harbawa wanda ido ba ya gani, ta ƙone cikin jirgin ya faɗo. Ka sa aka tara wayoyi da rediyon Baba a akwatin ƙarfe don kada su lalace, ka ce shi ke nan. Baba ya nuna maka abin jin da ke kunnena. Ka yi dariya ka ce wannan ɗan abin ba ruwansa.

Na biyu. Ina shanya a bayan ɗaki aka yi gwajin. Samma'ata, wato na'urar da nake ji da ita, ta yi ƙara ɗaya ta yi shiru. Na ga jirgin ya faɗo, na ga mutanenku suna tafi, amma ban ji tafin ba.

Na uku, wanda ya fi mini ciwo. Da Baba ya kai maka samma'ar, ka ce ni na jiƙa ta da ruwan alwala. Ranka ya daɗe, tun ina aji ɗaya nake cire ta kafin alwala in sa a aljihu. Baba ya sani. Amma kai ne kafilinsa, zamanmu a garin nan a hannunka yake, sai ya dawo ya yi mini faɗa bai kalli idona ba.

Yanzu na daina zuwa hadda, don ba na jin gyaran malama. Sai na ga Umma ta miƙe nake sanin an kira salla, a Makka.

Ina roƙon a gyara ta ko a sauya mini wata. Kafin wannan, ka gaya wa Baba gaskiya a gabana, kana kallona, don in karanta a bakinka. Kada kuma ka kore shi. Bai san na rubuta ba.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kiyaye jin 'ya'yanka. In za ka amsa, ka rubuto. Kada ka kira waya, ba zan ji ba.

Wassalam,
Rumaisa'u, Ka'akiyya.