Famfon da Na Miƙa Miki

Yaya Falmata,

Assalamu alaikum. Na san ba za ki karanta takardar nan ba, shi ya sa na iya rubuta ta.

Gida lafiya. Mijinki ya kai awakinki kasuwar Gure tun kafin sadakar arba'in. 'Yarki Amsatu tana wurina, har ta yi ƙiba. Ba ta cika tambayarki ba.

Kin tuna lokacin da fuka ta kama ni, lokotoro a asibiti ya rubuta mini shuɗin famfon nan na shaƙa? In na fesa sau biyu ƙirjina ya buɗe, iska ta shiga, amma hannuna ya ɗauki rawa, zuciyata ta yi ta bugu kamar ana daka. Ya ce haka maganin yake, yana sakin hanyoyin numfashi, yana kuma zaburar da zuciya. Na faɗa miki. Duk da haka, a wani biki a Gamu, da kwano ya suɓuce mini, kika ce wa mata iskoki gare ni. Kika kwaikwayi rawar hannuna, suka yi ta dariya. Shekara goma sha ɗaya ba wadda ta ba ni jaririnta in riƙe. Kin taɓa lura?

Ranar da kika shigo gidana da azahar, ƙafafu a kumbure, kina haki, kika ce in ba ki abin mahaukatan nan nawa. Na san hakinki ba irin nawa ba ne. Lokotoro ya sha gargaɗina kada in ara wa kowa, balle mai ciwon zuciya. Na miƙa miki. Kika fesa sau biyu bai yi ba, kika ƙara, kika ƙara. Ina ƙirgawa, har takwas. Na ga hannunki ya fara rawa, kin dafe ƙirji, idonki a kaina. Yaya, murmushi na yi. Sai bayan nan na fita neman mota.

A asibitin Damagaram suka ce zuciyarki ta daɗe da kumbura, ruwa ne ya cika huhu. Ba su tambayi abin da kika shaƙa ba, ni ma ban faɗa ba. Kwana huɗu kika yi, kika cika.

Ni na kashe ki? Ban sani ba. Na dai san tun da kika tafi abinci yake mini daɗi.

Sai na zo. Mu yi maganar a gaban Wanda Ya gan mu duka biyun.

Ƙanwarki,
Zara