Kwanon da Turawa Suka Cire daga Fim Ɗinki

Zuwa ga Pi-Yun, sanyin idona, inuwar da nake fakewa, matata jiya da yau,

Yau ma ruwa ake yi a garinmu Keelung, irin yayyafin nan da ba ya jin magiya, ni kuwa ina zaune gaban hotonki. Shekara biyu ke nan da muka kai ki makwancinki, amma jiya ji na yi kamar an sake binne ki. Wayyo, Pi-Yun! Turawa sun sake yin fim ɗinki.

'Yarmu Hui-Ju ce ta ja ni silima da rana tsaka, wai in ga yadda aka girmama aikin uwarta. Girmamawa? Kin dai tuna fatalwar da kika fito a matsayinta shekara arba'in da suka wuce. Mace ce da ta mutu, take dawowa gidan mijinta ta tsaya a ƙofar kicin, jiƙe sharkaf, ba ta cewa uffan. Ba ta taɓa kowa ba. Jira kawai take a ce ta zo ta ci abinci, 'yan gidan kuwa kowa ya sunkuyar da kai kamar bai gan ta ba. Abin da ya hana mutanen garin nan barci ke nan, don kowa yana da wanda ya daina ajiye wa kwano. A ƙarshe mijin ya zuba shinkafa, ya kira sunanta, fim ya ƙare.

Nasu kuwa? Sun ba ta farata zaƙo-zaƙo, tana ihu, tana rarrafe a bango kamar tsaka. Kicin babu, kwano babu. Mijin ya cinna wa gidan wuta, ya kwashi 'ya'yansa a mota, kiɗa ya tashi, wai sun tsira! Turawan sun zaci kisa ne ya kawo ta. Raina ya ɓaci har na kasa tashi daga kujera.

Ya furen zuciyata, su ina suka san ki? Ni ne mai kula da kayan wasan kwaikwayo a fim ɗinki, ni aka aiko miki da jar ambulan ɗin da ake bai wa duk wanda ya fito a mamaci, don kore tsautsayi. Kuɗin da ke ciki ba a shiga gida da shi, sai an kashe a ranar. Kika dube ni da hodar gawa a fuskarki, kika ce, "Kai mai manyan kunnuwa, tsayuwa za ka yi? Zo ka taya ni cinye mutuwata." Muka sha taliya da romon kifi a bakin tashar jiragen ruwa, mai taliyar na zuba mana yana kau da kai. Tun ranar nake bin fatalwa, ban kuwa taɓa yin da-na-sani ba.

A hanyar gida Hui-Ju ta fito da abin da ya kawo ta daga Kanada. Ta saya min tikitin jirgi in bi ta can, ta samo mai sayen gidanmu, jibi za a sa hannu. Ta ce, "Haba Baba, kullum kana zuba wa Mama shinkafa tana hucewa. Ko a sabon fim ɗin ai barin gidan aka yi." Ban ga laifinta ba. Tausayina take ji, gwiwoyina ma sun gaji da matattakalar nan. Amma ke da ba kya tsallake gadar kasuwa sai na riƙe hannunki, ta yaya za ki ƙetare teku ki nemo ni? In watan bakwai ya kama, aka buɗe wa matattu ƙofa su ziyarci gidajensu, kika tarar da baƙi a kicin ɗinki, wa zai kira sunanki?

Ina jin tsoro, Pi-Yun, tsoron kada ya zama ba za ki zo ba, don ko a mafarki kin ƙi leƙo ni. Sai yau da safe na tarar da bakin ƙofar kicin a jiƙe. Hui-Ju ta ce rufin ne ke yoyo. Na hana ta kiran mai gyara.

Na faɗa mata ba zan sa hannu ba. Ta yi kuka, ni ma na yi, za ta koma ita kaɗai. Shinkafa na kan tebur da zafinta, na jera miki tsinkayen cin abincinki.

Pi-Yun, zo ki ci abinci.

Naki, har ranar da za a ajiye mana kwano biyu,
Wen-Tsai