Tasoshin Baba

Jidda, Yuni 1999

Yaya Maharazu,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya jikin Inna, ya su Nafisa? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Baba.

Ni lafiya lau nake. Aikin gidan ne dai ba ya ƙarewa, ga ciwon baya, amma kar ka gaya wa Inna. Na ji soja sun miƙa mulki. Allah Ya sa a ga sauƙi.

Hajiya Maryam da ta zo Umara ta ce ta leƙa shagon Baba na tsofaffin kaya a Kurmi, ta tarar kana goge tasoshin tagullan nan da toka da lemon tsami har suna ƙyalli. Yaya, don Allah ka bari. Masu saye tsufan suke nema. Ka manta yadda Baba yake cewa, "Baƙin nan shi ne kayan"?

Ban san ranar zuwana ba, fasfona yana hannun matar gidan. Ko zaman makoki ban samu ba. In akwai tasa ɗaya da ba ka taɓa ba, ka ajiye mini ita yadda ya bar ta.

Ƙanwarka,
'Yardada