Abar Bango Ta Ce Ba Kowa a Gida

Zuwa ga ƙanwata,

Salamu alaikum. Ya jikoki, ya ƙafar maigidanki? Maƙwabciyata ke rubuta miki, na ce kar ta gyara min magana.

Ni lafiya lau, sai gwiwa da ba ta shiri da sanyin nan. Ɗanki na wajena ya kawo mai gyara ya kafa wata 'yar aba a bangon falo, kamar murfin kwano, wai ita ke kula da ɗumin gida. In ba ta ga motsi ba, sai ta ce ba kowa, ta kashe ɗumin. To kin san ni, in na idar da salla na ɗau carbi, ko ƙuda ba na kora. Sai in ji ɗaki ya koma randa. Ni da na goyi 'ya'ya tara ina hura musu garwashi a kasko, yau ni ce ba kowa!

Ɗan naki ya ce, "Inna, ki riƙa ɗaga mata hannu mana, ta gan ki."

Na ce, "Hannun nan Allah kaɗai nake ɗaga wa."

Kwana huɗu ina lazimi cikin bargo biyu. Ɗan tari ya kama ni, kar ki gaya wa kowa. Jiya ya tsugunna gabana yana latse-latsen waya, ya ce ya gaya wa abar bangon kullum akwai mutum a gida. Na ce, "Madalla. Kai ma ka ji da kunnenka."

Ki aiko min da man zafi. Allah ya sada fuskokinmu.

Yayarki, wadda ke nan daram.