Da Rana Kawai, In Ji Likita

Gunnhild, don Allah ki taimake ni da shawara, abin nan ya hana ni jin daɗin abinci. Ni ba mai kai kuka jarida ba ne. Matata ce ke karanta filinki, ni sai dai in leƙa in ta shiga kicin.

Bari in fara da cewa ba wanda ya ba ni komai a duniya. Ban gama sakandare ba na ɗauki buroshi da tsani ina bin gidajen mutane. Yau kantunan fenti uku gare ni a nan arewacin Norway, kuma in kika tsaya bakin teku a garinmu, rabin gidajen da za ki hango da fentina aka shafe su. Ba alfahari nake ba, don dai ki san da wa kike magana.

Da na cika sittin sai na ce lokaci ya yi da zan koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama. Na shiga ƙungiyar matuƙa ta garinmu, malamina ya ce hannuna ya faɗa. Saura takardar shaidar lafiya kafin a bar ni in tashi ni kaɗai. Likita ya auna zuciya, ya ce ta saurayi ce. Hawan jini babu, suga babu, kunne garau. Har na fara sa rigata sai ya jawo wani ɗan littafi mai ɗige-ɗige kala-kala, wai in karanta lambar da ke kowane shafi. A na farko na ga sha biyu. A na biyu na ce masa babu komai, masu buga littafin sun cuce shi. Haka na uku, haka na huɗu. Likitan nan, yaro sa'an ɗana, ya dubi tsabar idona ya ce ba na bambance ja da kore. Ni! Ya ce zai ba ni takardar, amma za a rubuta a kanta cewa da rana kawai zan yi tuƙi, saboda da dare fitilun jirage da na titin sauka da ja da kore da fari suke magana.

Da rana kawai, a garin da rana ke yin ƙaura a watan Nuwamba ba ta leƙo mu sai Janairu!

Na koma gida ina huci, na faɗa wa matata Torill, ina jiran ta taya ni faɗa. Sai ta ajiye kofinta ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Wai ta sani tun ina zuwa zance. Wai shi ya sa duk lokacin da mai saye ya tambaye ni launin da zai dace da falonsa, sai ta taso ta ce ana nemana a sito, ita ta zaɓa masa. Ni kuwa shekara da shekaru ina mamakin yadda sito ba ya iya zama in ba ni. Daga nan ta tambaye ni, wai tsoho, rumfar kwale-kwalenka wane launi ce? Na ce ja mana, kamar ta kowa. Ashe koriya ce shar. Da hannuna na haɗa fentin daga ragowar gwangwanaye. Wai mutane sun ɗauka dabarar talla ce, har maƙwabta biyu sun kwaikwaya.

To ga damuwata. Takardar nan sai na nuna ta a ƙungiya, kuma mai duba takardu shi ne Oddvar, abokina tun yarinta, wanda bakinsa bai san linzami ba. In ya gani da safe, kafin la'asar masu sayar da kifi ma sun ji cewa sarkin fenti makahon launi ne. Na bincika, ana sayar da irin littafin nan. Ni da na haddace lambobin fenti sun fi dubu, shafukan nan za su gagare ni? Tunanina in haddace su, in tafi kudu wurin wani likitan da bai san ni ba. Torill ta ce in na yi haka ba za ta taɓa shiga jirgina ba, alhali don in kai ta tsibirin da aka haife ta na fara wannan wahalar. Ya kika gani?

Mai Buroshi

---

Mai Buroshi, na gode da ka leƙa, ko da a ɓoye ne.

Zafin da kake ji na gaske ne, ban raina shi ba. Mutumin da ya gina sunansa a kan launi, a ce masa idonsa na yi masa ƙarya, dole ya girgiza. Amma dabararka ba za ta ɓulle ba. Likitoci sun san masu hadda, sukan juya shafukan yadda suka ga dama. Likitan kudu ma zai tambaye ka ko an taɓa gwada ka, in ka ɓoye aka gano, takardar ranar ma sai ta kuɓuce maka. Ko da ka sha, fitilar da ke kan fiffiken jirgin da ke tunkaro ka cikin duhu ba ta da lamba a jikinta kamar gwangwanin fenti. Kuma Torill ce za ta zauna a gefenka.

Ga abin da ya kamata. Koma wurin likitanka ka nemi a tura ka gwajin na'ura, wanda ya fi littafin nan tantancewa. Wasu kan faɗi a littafi su ci na na'ura. Ban yi maka alkawari ba, ganin labarin rumfarka. In ka sake faɗi, karɓi takardar ranar hannu bibbiyu.

Batun Oddvar kuwa, riga shi. Ka sayi waina, ka tara 'yan ƙungiya a kan kofi, ka ba da labarin da bakinka, har da na sito. Labarin da mai shi ya riga ya bayar ba ya yi wa matsegunci daɗin ɗauka. Ina ma zargin garin da ya daɗe yana kallon koriyar rumfa a tsakiyar jajaye bai jira likita ba, kuma bai daina sayen fentinka ba.

Sannan ka yi wa takardar rabin karatu. Ka tuna watannin duhu, ka manta da na haske. A garinku, in watan Yuni ya kama, rana ba ta faɗuwa sam. Mai takardar "da rana kawai" yana iya ɗaukar matarsa ya nufi tsibirinsu a lokacin da mu na kudu muke kashe fitila, ba tare da ya karya doka ba.

Allah ya sauke ku lafiya. In za a yi wa jirgin fenti, a bar wa Torill zaɓi.

Gunnhild